Tabar wiwi: a sassauta doka ko a bar ta yadda take?

Kwamared Bala: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da nake so mu taɓa, amma don Allah kada a fara da zagi. Tun ranar 1 ga Afrilu 2024, baligi a Jamus yana iya fita da giram 25 na tabar wiwi a aljihu, ya shuka tushe uku a gidansa, babu mai kama shi. Kanada ta buɗe kasuwarta a Oktoba 2018, Yurugwai kuwa ta riga kowa tun 2013. Ko nan Afirka, Lesoto da Maroko da Malawi da Ghana duk sun taɓa dokokinsu ta wata fuska. Mu a Najeriya dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da kayan maye a hannu. Duk da haka binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ce mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a ƙasar nan. Dokar da mutum sama da miliyan goma ke takawa, tana aiki kuwa?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Kwamared, duk abin da ke gusar da hankali giya ne, kuma duk giya haramun ce, haka hadisi ya zo. Abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ko duniya duka ta taru a majalisa ta ɗaga hannu, wannan ba zai canja ba. Kuma yawan masu karya doka ba hujja ba ce. Ɓarayi ma suna da yawa, ba mu ce a soke dokar sata ba.

Kwamared Bala: Allah ya gafarta Malam, ni ban ce a sha ba. Ni kaina ko sigari ban taɓa sa wa a baki ba. Tambayata ita ce me gwamnati za ta yi da wanda ya sha. Ɓarawo dukiyar wani ya ɗauka. Wannan kuwa kansa ya fara cuta.

Baban Walid: Kansa kawai? Zo unguwarmu bayan isha'i ka tsaya bakin kangon da ke bayan makarantar firamare. Hayaƙi kamar ana ƙona bola. Daga nan suke tasowa su tare lungu, su ƙwace wayar mutane. Mata ba sa iya bi ta wurin. Yanzu da doka ke nan fa. In aka ce babu kamu, a ƙofar masallaci za su zauna su naɗa.

Ɗan Birni 07: Ganye ne fa kawai jama'a 😂 Allah ne ya halicce shi, ba a masana'anta aka haɗa ba.

Anti Ladi: Zaƙami ma ganye ne, Allah ne ya halicce shi. Tafi ka dafa ka sha, ka dawo ka ba mu labari in ka gane hanyar gida.

Barista Sani: Anti kin gama da shi. Amma bari in raba zancen, don na ga kowa da abin da yake nufi. Ƙasashen da Kwamared ya jero ba abu ɗaya suka yi ba.

Akwai masu buɗe kasuwa gaba ɗaya: a noma, a sayar a shago, gwamnati ta karɓi haraji. Kanada ke nan, da jihohin Amurka irin su Kolorado da Washinton da suka fara kaɗa ƙuri'a a kai a Nuwamba 2012. Akwai waɗanda suka ce sayarwa laifi ne har gobe, amma wanda aka kama da ɗan abin da zai sha ba za a kai shi kurkuku ba. Fotugal ta yi haka tun 2001. Sai kuma masu ba da lasisin noma don magani da masana'antu kawai, mai shan ta a titi kuma hukuncinsa na nan. Maroko da Lesoto da Ghana a nan suke.

Ko Jamus ɗin ma babu shagon sayarwa. Ko dai ka shuka da kanka, ko ka shiga ƙungiyar da mambobinta ba za su wuce 500 ba, ita kuma ba don riba take noma ba. Yurugwai sai ka yi rajista da gwamnati, ka saya a kantin magani, kuma ba za ka wuce giram 40 a wata ba. Afirka ta Kudu kotun tsarin mulki ce ta ce a Satumba 2018 baligi na iya shuka da sha a cikin sirrin gidansa, ciniki kuwa haramun. Don haka in za a yi musu, kowa ya faɗi wanne yake goyon baya, wanne yake ƙi.

Nura Toronto: Yauwa Barista. Ni ina zaune a Kanada inda aka buɗe kasuwar, bari in faɗi abin da ido ke gani. Shagon wiwi a nan in ba a gaya maka ba za ka ɗauka shagon sayar da wayoyi ne, fitilu, gilasai, ma'aikata da kwamfutar hannu. Sai ka nuna katin shaida, a jiharmu ta Ontariyo sai ka kai shekara 19. Kwalin babu ado, an rubuta ƙarfin abin da ke ciki da gargaɗi. Ba a yarda mutum ya fita da abin da ya wuce giram 30 ba.

Abin da ya yi kyau: an daina cika kotu da yara saboda naɗi ɗaya, kuma yawancin masu sha yanzu a shago suke saye, dilolin bayan fage sun rage ciniki sosai. Abin da bai yi ba: a wasu titunan cikin gari shagunan sun yi yawa har ya zama abin magana, kana tafe da iyalinka warin na bin ku a tashar mota. Sannan akwai wadda ake yi kamar alawa da cakulan. Yara ƙanana na tsinta a gida su cinye, a kwashe su zuwa asibiti. Likitocin yara a nan sun yi ta kuka a kan yadda wannan ya ƙaru bayan an fara sayar da ita. Ni da kaina na hana 'ya'yana karɓar alawa a hannun kowa a makaranta.

Baban Walid: Ka ji ko. Wanda ke can ma ya faɗa.

Nura Toronto: Yaya, rabin maganata ka ɗauka ka bar rabi 😅

Likita Zainab: Sannunku. Ni a ɓangaren masu taɓin ƙwaƙwalwa nake aiki, don haka zan ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

Na farko, wiwin yau ba irin wadda kakannin wasu suka sani ba ce. Sinadarin da ke bugarwa sunansa THC. A Amurka wadda ake kamawa a tsakiyar shekarun 1990 tana da kusan kashi 4 cikin ɗari ne, yanzu ta ninka haka sau uku ko fiye, don manoma sun yi ta zaɓen irin da ya fi ƙarfi. Irin su laud da ake shigowa da su ta tashar jiragen ruwa ta Legas duk daga wannan layin suke. Wadda yara ke kira kolos kuwa sau da yawa ba ma wiwi zalla ba ce, ganye ne aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a ɗakin gwaji, shi ya sa za ka ga yaro ya zuƙa sau biyu ya faɗi yana birgima a kwata.

Na biyu, maganar hauka ba tatsuniya ba ce. Akwai babban binciken da aka wallafa a 2019, an yi shi a wurare 11 na Turai da Burazil. Mai sha kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa da ciwon da ke sa mutum jin muryoyi da zargin kowa. In mai ƙarfi yake sha kullum, kusan sau biyar. Kuma kusan mutum ɗaya cikin goma na masu sha zai kamu har ya kasa bari, in tun yana ɗan saurayi ya fara kuwa kusan ɗaya cikin shida. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25.

A ɗakin da nake duba marasa lafiya, yadda abin ke zuwa kusan iri ɗaya ne. Uwa ce za ta shigo riƙe da hannun saurayi ɗan shekara 19 ko 20, leɓensa ya yi baƙi, idonsa ja, ya daina wanka. Ta ce ya daina cin abincinta, wai ta sa masa guba. Ya rufe tagar ɗakinsa da kwali don maƙwabta na leƙensa. Sau tari an riga an zaga wajen masu ruƙiyya da masu turare, an sayar da akuya da keken ɗinki, sannan a zo mana.

Amma gaskiya ɗaya ce, dole in faɗi ɗaya gefen. Mafi yawan masu sha ba sa haukacewa, in ba haka ba da miliyan goma ɗin nan ba mu da inda za mu sa su. Kuma cikin waɗanda nake gani, da wuya ka sami mai shan wiwi ita kaɗai. Da turamol, da roci, da kodin, da sholisho. Kurkuku kuma ban taɓa ganin ta warkar da ko mutum ɗaya ba.

Maman Ilham: Likita, kin taɓo min inda ke min ciwo. Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana koyon gyaran babur, yana ɗan shekara 18 aka yi kame a bakin kasuwa aka same shi da ƙulli ɗaya, na naira ɗari a lokacin. Su shida aka kama. Huɗu iyayensu sun kawo abin da aka nema kafin magariba, suka kwana a gida. Mu mahaifinmu ya rasu, Inna ƙosai take soyawa. Aka kai shi kotu, aka ce a ajiye shi a gidan yari kafin a dawo zama. Aka yi ta ɗage zama, yau alƙali ba ya nan, gobe babu motar kawo su.

Ranar da na fara kai masa abinci, na ga mai gadi ya sa cokali yana tona tuwon yana neman ko mun ɓoye wani abu. A can ciki kuwa ba abin da ba a sayarwa. Da ya fito, wanda ya shiga yana shan wiwi a ɓoye yana jin kunyar Inna, ya dawo ya san ƙwayoyin da ni ko sunansu ban taɓa ji ba, ya san manyan 'yan daba da sunayensu. Maigidansa ya ce ba zai sake ɗaukar wanda ya yi zaman kaso ba. Daga nan kawunmu ya kai shi gidan mari, har yau tabon sarƙa na nan a ƙafarsa.

Ni ban ce a buɗe shago ba, Allah ya kiyaye. Na tsani abin nan fiye da kowa a zauren nan. Amma Baban Walid, waɗanda ke tare muku lungu ba su ake kamawa ba. Irin ƙanina ake kamawa.

Baban Walid: Allah sarki. Allah ya shirye shi, ya shirya mana zuri'a. Hajiya ki yi haƙuri, ban san da wannan ba.

Maman Ilham: Amin, ba komai. Yanzu da sauƙi, yana tura ruwa a kura.

Barista Sani: Abin da Hajiya ta faɗa kullum muna ganinsa. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Kuma a aikace da wuya alƙali ya ɗaure mai ƙulli ɗaya shekara 15. Yawanci watanni ne ko tara. To amma wannan shekara 15 da ke rubuce ita ce sandar da ake ɗaga wa iyaye a ce ku kawo kaza ko mu kai shi. Mai kuɗi ya fanshi ɗansa, talaka ya bar nasa. Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka wata ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta fitar da rahoto a 2013 cewa baƙar fata ya fi farar fata yiwuwar a kama shi kan wiwi kusan sau huɗu, alhali shan da suke yi kusan ɗaya ne. Wannan na cikin abin da ya tura jihohinsu canja doka.

Alhaji Ɗanjuma: Ni ta fuskar kasuwa nake kallo. Ana noman abin nan a dazukan Ondo da Edo da Osun da Delta, hekta bisa hekta. Kullum NDLEA na ƙonawa, kullum ana sake shukawa. Marigayi gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu har Tailan ya je a 2019 ya dawo yana cewa a bari a noma don magani a fitar waje. Kolorado ta tara sama da dala biliyan 2 na haraji, har da gina makarantu da wani kaso. Mu muna nan muna bin bashi. Me zai hana a noma a sayar wa Turawa, mu a hana sha a gida?

Usman Famasi: Alhaji, bari in amsa maka da abin da na sani, don ni a kantin magani na yi rayuwata.

Kodin halattaccen magani ne. Yana da dokoki: kamfani mai lasisi ne zai yi, mai lasisi ne zai rarraba, sai da takardar likita za a sayar. Akwai NAFDAC, akwai hukumar masu harhaɗa magunguna. A takarda babu ƙofar da aka bari a buɗe. Me ya faru? Katan-katan aka riƙa fitarwa ta bayan gida, har ya shiga ɗakunan matan aure da 'yan mata a Kano da Jigawa, ana zuba shi cikin lemon kwalba a wajen biki. Sai da BBC ta fallasa a 2018 sannan gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayu na shekarar. Turamol kuma abin da aka yarda da shi mai miligiram 50 ne da 100. Je ka tashar mota ka ga ko ba mai 225 ake sayarwa a faranti ba.

Ko sigari. Dokar 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta hana sayar da kara ɗaiɗai. Yau da safe a gabana mai tebur ya miƙa wa yaro ɗan shekara bakwai kara biyu, wai aiken babansa ne.

Duk abin da Nura ya lissafa na Kanada, duba katin shaida, auna ƙarfi a ɗakin gwaji, rufe shagon da ya saɓa, hukuma ce mai haƙori ke yin sa. Mu da muka kasa tsare kwalbar maganin tari, ta yaya za mu tsare gona? Ranar da aka ba da lasisin noma don fitarwa waje, buhu ɗaya zai tafi Turai, tara su sauka a Sabon Gari, kuma kowane direban da aka tare zai zaro takarda mai hatimi.

Likita Zainab: Ka ƙara da Tailan ɗin da marigayin ya je koyo. A Yuni 2022 suka cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi, har gwamnati ta raba tushe miliyan ɗaya kyauta, da sunan magani da taimakon manoma. Ba su tanadi cikakkiyar doka ba. Kafin a ankara shaguna dubbai sun buɗe, masu yawon buɗe ido na ta busawa. A Yuni 2025 suka dawo suka ce sai da takardar likita. Ƙasar da ta fi mu tsari ke nan.

Alhaji Ɗanjuma: To Maroko fa? Ƙasar Musulmi ce, kuma ta yi.

Barista Sani: Ta yi a 2021, amma duba yadda ta yi. Larduna uku kawai aka yarda a noma, Alhusaima da Shafshawan da Tawunat, a tsaunukan Rif inda dama mutane sun gaji noman tun kaka da kakanni kuma ƙasar ba ta ba da wani amfanin kirki. Dole manomi ya shiga ƙungiyar haɗin kai, ya sayar wa kamfani mai lasisi, akwai hukuma ta musamman a kai. A Agusta 2024 Sarki Muhammad na shida ya yi wa manoma sama da 4,800 afuwa. Su matsalar da suke warwarewa ita ce ta dubban iyalai da ke rayuwa cikin gudun hukuma. Duk da haka haramtacciyar kasuwar ta fi ta lasisi girma nesa ba kusa ba. A Lesoto kuwa, wadda ta fara ba da lasisi a Afirka a 2017, kuɗin lasisin ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, kamfanonin waje ne suka kwashe. Alhaji, in an yi a nan, kai da ni mun san su wa za su sami lasisin.

Alhaji Ɗanjuma: Wannan kuma gaskiya ne 😂 Ba za ta wuce Abuja ba.

Sadiku Kumasi: Gaisuwa daga Zango. Namu na Ghana mutane na yi masa gurguwar fahimta. Dokar 2020 ta ba da dama a noma irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, wanda ko ka sha buhu ba za ka bugu ba, don zare da mai da magani. Kotun ƙoli ta soke sashen a 2022 saboda majalisa ba ta yi muhawara a kai yadda ya kamata ba, majalisa ta sake zartarwa a 2023. Amma ranar da labarin ya fita, yaran Zango murna suka yi ta yi wai an sake musu wi. Har yau kana gaya musu ba haka ba ne suna musu. Abin da aka rubuta daban, abin da ya isa kunnen yaro daban. Wani abu mai kyau a dokar dai shi ne wanda aka kama da na shansa tara ake fara yi masa, ba ɗauri kai tsaye ba.

Ɗan Maraɗi: Mu nan Nijar hanya muke. A watan Maris 2021 an kama tan 17 na dunƙulalliyar wiwi cikin wani sito a Yamai, ta fito daga Labanan ta bi ta Lome, za a wuce da ita Libiya. Wanga ba aikin yaron da ke naɗi bakin tasha ba ne, manya ne masu manyan motoci. In Najeriya ta buɗe gona, wallahi kafin ta kai Turai ta iso Maraɗi da Damagaram, iyakar ga kowa ya san yadda take. Ku tuna da mu in kuna shawara.

Kwamared Bala: To na ji, kuma hujjar Usman ta fi ƙarfina a kan buɗe kasuwa. Amma har yanzu ba a amsa maganar Maman Ilham ba. Malam Habu, kai ka fara cewa haramun ce, kuma babu mai ja. Shekara 15 ɗin fa, daga ina ta fito?

Malam Habu: Ba daga littafi ta fito ba, wannan kam. Tun da ka tambaya, malamai sun haɗu a kan haramcin hashisha, wato wiwi, amma sun saɓa a kan hukuncin mai shan ta. Ibn Taimiyya yana ganin daidai take da giya, a yi masa haddi. Imam Ƙarafi, daga manyan malamanmu na Malikiyya, ya sa ta cikin masu ɓata hankali ba masu bugarwa irin ta giya ba, ya ce babu haddi, sai ta'aziri, wato horon da shugaba ko alƙali ya ga zai tsawatar. Ko ka ɗauki mafi tsanani, bulala 80 ce, mutum ya tashi ya koma sana'arsa a ranar. Babu inda aka ce a raba saurayi da uwarsa da aikinsa a kulle shi da 'yan fashi. In horo zai mayar da mai laifi ya fi da lalacewa, to ya saɓa wa abin da aka sa shi dominsa.

Amma a ji ni da kyau. Gwamnati ta buɗe shago ta ci harajin abin maye, wannan ba zan taɓa sa hannu ba. Dila kuma a tsananta masa.

Barista Sani: Malam ya huce min gajiya. Tsananin nan gadon soja ne. Dokar soja ta 1966 ce ta sa kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai shuka, shekara 10 ga wanda aka samu da ita, aka sassauta a 1975, sannan wata dokar soja ta 1989 ta kafa NDLEA. Ƙudurorin da aka kai majalisar wakilai don a bari a noma ta don magani sun sha suka, ba su wuce ba, kuma shugaban hukumar Buba Marwa ya sha faɗin cewa ba ya goyon bayan a sake ta. Ni abin da ban ji ana kai wa majalisa da ƙarfi ba shi ne na mai ƙulli ɗaya, don shi babu kamfanin da zai ci riba a kansa.

A Fotugal wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana goma ba, ana ƙwacewa, a tura shi gaban wani ƙaramin kwamiti mai masanin shari'a da ma'aikatan lafiya ko na jin daɗin jama'a. Su duba, ko gargaɗi, ko tara, ko a tura shi magani. Ba a rubuta masa tarihin laifi. Dila kuma kotu.

Usman Famasi: Barista, ka faɗi na jihar Oregon ta Amurka ma. Sun kwaikwayi haka a 2020, ba su shirya wuraren magani da wuri ba, tituna suka cika da masu shaye-shaye, a 2024 suka dawo da hukunci. Fotugal kuɗi ta zuba a asibitoci. Mu in kwamiti ya ce a tura yaro magani, ina za a tura shi? Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da aka daɗe da sani a Arewa su ne Kaduna da Kware da Maiduguri, sai na Dawanau da ya kasance na jihar Kano kafin tarayya ta karɓe shi. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan gaba ɗaya 'yan ɗaruruwa ne, ga mutum sama da miliyan 200. Shi ya sa iyaye ke kai 'ya'yansu gidan mari. Kun tuna na Rigasa da ke Kaduna a 2019, mutum sama da 300 aka fito da su, wasu da sarƙa.

Likita Zainab: Ba kowane mai sha ke buƙatar gado a asibiti ba, Malam Usman. Mafi yawansu zama ne da mai ba da shawara, sau ɗaya a mako, da sana'a, da wani babba da zai sa ido. Ma'aikacin lafiya na asibitin unguwa ana iya koya masa wannan. Kuɗin da ake ciyar da ɗan jiran shari'a wata shida ai ba daga sama yake faɗowa ba.

Ummu Sudais: Don Allah Likita ɗan tsakure. 'Yata na da farfaɗiya, wata ta ce min man wiwi na warkarwa, har ta ce za ta samo min. Gaskiya ne?

Likita Zainab: Kada ki karɓa, 'yar uwa. Akwai maganin da aka tace daga sinadarin CBD, wanda ba ya bugarwa, Amurka ta amince da shi a 2018, amma don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara ne masu wuyar magani, da awo, da gwajin hanta a kai a kai. Rage yawan faɗuwa yake yi, ba warkarwa ba. Na cikin kwalbar da za a kawo miki babu wanda ya san abin da ke ciki, yana iya ƙara mata ciwon. Kada kuma ki tsayar da maganin da take sha. Ki yi min magana ta akwatin sirri.

Baban Walid: Ni dai har yanzu tsorona ɗaya. In aka ce mai ɗan kaɗan ba a kai shi kotu, dila zai riƙa yawo da ƙulli biyu-biyu, sauran ya ɓoye a kango. An kama shi ya ce na sha ne.

Barista Sani: Suna yin haka ko yanzu. Dila ba a gane shi da nauyin abin da ke aljihunsa kawai, ana gane shi da bincike: wa ke zuwa wurinsa, canjin da ke hannunsa, wa ke kawo masa. Mai unguwarku ya san shi, kai ma ka san shi.

Baban Walid: Na san shi mana. Sau biyu ana tafiya da shi, kafin la'asar ya dawo.

Maman Ilham: Ƙanina kuwa wata bakwai.

Kwamared Bala: Barista, in da za a rubuta irin wannan gyara, majalisar jiha na iya yi ko dole sai ta tarayya?

Barista Sani: Sai ta tarayya. Miyagun ƙwayoyi na cikin jerin abubuwan da tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa tarayya, kuma laifukan dokar NDLEA babbar kotun tarayya ce ke sauraron su. Abin da jiha ke iya yi shi ne gina wuraren magani da horar da ma'aikata, wannan ba ta buƙatar izinin kowa.